Fashin Baƙi: Wa ake tambaya kafin a tsara manhajar waya? Darasi daga Kasuwar Utako

Duk wanda ya tsaya na rabin sa'a a Kasuwar Utako da ke Abuja da tsakar rana zai ga irin faman da ake yi tsakanin mutum da wayarsa. Mai sayen tumatir ya tura kuɗi, ya miƙa wa mai kaya wayar don ya ga shaida. Mai kaya ya kare fuskar wayar da tafin hannu saboda hasken rana, ya ƙanƙance ido, ya ce shi dai bai ga alat ba. Sai a tsaya jira. Mai baron da ya ɗauko kayan yana tsaye, wani cinikin yana wuce shi. A gefe, ƙarƙashin laima, mai POS yana karɓar katin wata dattijuwa, ita kuma tana faɗa masa lambar sirrinta da baki, domin madannan na'urar sun yi wa idonta ƙanƙanta. A tashoshin motar da suka cika unguwar kuwa, mai aika kaya zuwa Kano ko Fatakwal yana naɗa wa direba saƙon murya, domin rubutu zai ci masa lokaci.

Waɗannan mutane su ne suka fi kowa dogaro da wayar salula a wunin aikinsu. Amma da wuya a samu wani daga cikinsu da aka taɓa zaunar da shi aka tambaye shi yadda ya kamata manhajar da yake amfani da ita ta kasance. Akasarin manhajojin an tsara su ne a ofisoshi masu sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa, sabis ba ya yankewa, kowa yana karanta Ingilishi, kuma kowa da wayarsa shi kaɗai.

Akwai wata hanyar aiki da masana fasaha suka daɗe da sani wadda aka ƙirƙira domin toshe wannan giɓi. Za a iya kiranta da Hausa tsarawa tare da masu amfani. Ma'anarta ita ce mutanen da za su yi aiki da na'ura ko manhaja su kasance cikin masu yanke shawara a kanta tun daga ranar farko, su ga zanen farko, su gwada, su ce wannan ya yi, wancan a cire shi, kuma maganarsu ta sauya abin da za a ƙera.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon tunani ba ne. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai kaya. Maƙerin kirki yakan tambayi manomi irin ƙasar gonarsa, jigawa ce ko fadama, kafin ya ƙera masa fartanya, kuma manomin yakan dawo bayan noman farko ya ce a rage nan, a ƙara can. Matsalar manhaja ita ce maƙerinta yana Legas ko Bangalor ko Shenzhen, masu sayenta miliyoyi ne, kuma babu rumfar da za a koma a yi ƙorafi. Saboda haka abin da ke faruwa cikin sauƙi a maƙera dole ne a nan a shirya shi da gangan.

Asalin hanyar

Hanyar ta samo asali ne daga ƙungiyoyin ƙwadago na arewacin Turai. A farkon shekarun 1970, lokacin da kwamfuta ta fara shiga masana'antu a ƙasar Norwe, masanin kwamfuta Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ta ƙasar domin ma'aikata su fahimci sababbin na'urorin, su kuma samu ta cewa a kan yadda za a shigo da su. Daga 1981 zuwa 1986 aka gudanar da wani shiri mai suna UTOPIA a Suwidin da Danmak, inda masu bincike suka haɗu da ma'aikatan ɗab'i na jaridu domin tsara kayan aikin shirya shafuka. Abin da aka fi tunawa da shirin shi ne kayan gwajinsa: kwali da katako da takarda. Sai a ɗauki akwatin kwali a rubuta masa sunan na'ura, ma'aikaci ya nuna yadda zai yi aikinsa da ita, a ga inda zai makale tun ba a kashe kuɗin ƙira ba.

Abu biyu ya sa suka bi wannan hanya. Na farko, ma'aikaci ya san aikinsa fiye da injiniya, ko da kuwa ba zai iya bayyana shi da kalmomin boko ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, batu ne na haƙƙi: wanda na'ura za ta sauya wa rayuwa yana da 'yancin a ji ta bakinsa. Kamfanoni sun fi rungumar dalilin farko domin yana kawo riba. Na biyun kuwa shi aka fi mantawa da shi.

Wayar salula ta ƙara wa lamarin wahala. Kwamfutar masana'anta a wuri guda take, aikinta guda. Waya kuwa da ita ake kwana, da ita ake tashi. Ita ce banki da safe, rediyo da rana, tocila da dare. Ana amfani da ita a kan babur, a cikin hayaniyar kasuwa, da hannu mai manja, da batir saura kaɗan. Tun da aka fara aikin layukan GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da layukan tarho a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, yawan layukan da ke aiki ya haura miliyan 150. Wanda zai tsara abin da zai dace da wannan taro ba zai iya yin haka da hasashe ba.

Abin da ya faru a Kenya da abin da ya faru a nan

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a Afirka shi ne M-Pesa na ƙasar Kenya. A 2005 aka fara gwajinsa a garin Thika da wasu unguwannin Nairobi tare da wata cibiyar ba da ƙananan rance mai suna Faulu, da nufin masu cin bashi su riƙa biyan bashinsu ta waya. Da masu shirin suka bi sawun yadda mutane ke amfani da shi, sai suka ga abin da ba su zata ba. Wasu suna tura wa 'yan'uwa kuɗi a ƙauye. Wasu suna biyan kuɗin kaya. Wasu kuma suna zuba kuɗinsu a ciki kafin su hau mota, su cire idan sun sauka, don tsoron ɓarayin hanya. Maimakon a ce mutane sun kauce wa ƙa'ida, sai aka sauya manufar baki ɗaya. Da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007, a matsayin hanyar aika kuɗi gida ya fito. Ba za a ce masu amfani sun zauna a teburin shawara kamar yadda aka yi a Suwidin ba, amma ayyukansu ne suka yanke hukunci, kuma an saurara.

A Najeriya, ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na farko da wani babban banki ya fitar a nahiyar Afirka. Ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce jawo waɗanda ba su hulɗa da banki. Sai dai a matakin farko, wanda zai iya buɗe lalitar shi ne mai asusun banki da babbar waya, wato wanda tuni yake da hanyar tura kuɗi. Sai a watan Agustan 2022 aka ƙaddamar da lambar *997# a Kano domin masu ƙananan wayoyi. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya wallafa a 2023 ya nuna cewa a kowane mako kashi 98.5 cikin 100 na lalitocin da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya. Dalilan suna da yawa, ciki har da batun yarda, kuma zalunci ne a ɗora komai a kan tsari. Amma tambayar da mai tumatir zai fara yi, wato me wannan zai yi mini wanda taransifa ba ta yi, tambaya ce da ya kamata a ji amsarta kafin bikin ƙaddamarwa.

Jarrabawa ta gaske ta zo ne a farkon 2023. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoba, 2022, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci daga Janairu zuwa Maris. Kasuwanni irin na Utako suka koma taransifa ba shiri. A lokacin ne jama'a da dama suka karkata ga kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, saboda saurin isar kuɗi. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ya taimaka: a wasunsu lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa. Mai shayi da ba zai iya haddace sabuwar lamba goma ba ya riga ya haddace lambar wayarsa shekara da shekaru. Shi ya sa yau ake ganin lambobin a rubuce a jikin kwali, an rataye a teburin mai nama da rumfar mai albasa.

Shi kansa mai POS, idan aka duba da kyau, gyara ne da jama'a suka yi wa fasaha. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilcin bankuna a 2013, amma abin da ya sa sana'ar ta cika kowane lungu shi ne mutane suna son ɗan'adam a tsakaninsu da na'ura, wanda zai karanta musu, ya danna musu, kuma su san inda za su same shi gobe idan kuɗi ya maƙale. Farashin wannan sauƙi shi ne dattijuwar nan da ke faɗin lambar sirrinta a bainar jama'a. Tsarin tsaron an gina shi ne a kan zaton cewa mai kati shi zai danna da kansa.

Harshe da rubutu

A nan ne lamarin ya fi taɓa masu magana da Hausa. Takardar kuɗi, duk da tsufanta, tana da kyakkyawan tsari: ana gane ta da launi, da hoton da ke jikinta, kuma manyan takardun naira har yanzu suna ɗauke da ƙimarsu da rubutun ajami. Malamin tsangaya da ke karanta ajami da Larabci tiryan-tiryan, ko 'yar kasuwar da ba ta shiga aji ba amma ba a taɓa cutarta a canji ba, duk ba su buƙatar tafinta a gaban naira dubu. Da kuɗi ya koma cikin waya, sai duk waɗannan alamomi suka ɓace, aka bar mutum da jerin kalmomin Ingilishi da lambobi masu sifiri da yawa. Tsakanin 5000 da 50000 sifiri ɗaya ne kawai, kuma a ƙaramin allo cikin rana ba kowane ido ke rabe su ba.

Lambobin USSD, waɗanda ake dannawa da tauraro a gaba, su ne babbar ƙofar masu ƙananan wayoyi, domin ba su buƙatar data. Amma kowane shafi ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182, kuma idan mutum ya jinkirta sai layin ya katse, ya koma farko. Tun daga watan Maris na 2021 ake cajin naira 6 da kwabo 98 a kan irin wannan hulɗa da banki. Wanda ke karatu a hankali, yana haɗa baƙi da wasali, shi ne agogon ya fi cin zalinsa. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba su cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi, kuma lamarin ya fi muni a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas.

Wasu za su ce ai magani shi ne a fassara manhajar. Fassara tana da amfani, amma yadda ake yinta sau da yawa abin takaici ne. An taɓa aiko wa mai wannan rubutu jerin kalmomi ɗaruruwa daga wata manhaja ya mayar da su Hausa, ba tare da an nuna masa ko shafi ɗaya na manhajar ba. A cikinsu akwai kalmar Ingilishi guda da ke iya nufin adana, ko tanadi, ko ceto. Wacce za a zaɓa, alhali ba a san maɓallin da za ta hau ba? Haka ake samun manhajar da aka ce da Hausa take, amma Bahaushe ya buɗe ta ya mayar da ita Ingilishi don ya fi ganewa. Sannan akwai rigimar da mu masu fassara ba mu cika son amsawa ba: kalmar da ke cikin ƙamus da kalmar da ke bakin 'yan kasuwa ba kullum suke zama ɗaya ba. A Utako babu mai cewa saƙon tabbatar da shigar kuɗi. Alat ake cewa. Wanda zai raba wannan gardama shi ne mai amfani, ta hanyar a nuna masa duka biyun a ga wanda zai danna ba tare da tambaya ba.

Jama'a ma sun riga sun nuna zaɓinsu. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, cinikin hatsi da dabbobi da atamfa tsakanin Abuja da Dawanau da Maraɗi da baki ake yin kaso mai yawa nasa. A Indiya, kamfanin Paytm ya fito da wata 'yar na'ura mai lasifika a 2019, wadda ke faɗin adadin kuɗin da ya shigo da murya, da harsunan ƙasar, domin mai rumfa ya ji yana tsaka da awo. Duk wanda ya taɓa ganin an cuci mai kaya da alat na bogi zai fahimci darajar wannan dabara. Kamfanin Transsion mai ƙera Tecno da itel da Infinix ya mamaye kasuwar Afirka ne da irin wannan lura: waya mai layi biyu ko fiye saboda sabis ba shi da tabbas, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, da shigar da harsuna irin su Hausa da Sawahili da Amharik.

A Jamhuriyar Nijar kuma, wani shirin yaƙi da jahilci da ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar a jihohin Dosso da Damagaram daga 2009 ya haɗa karatun manya na Hausa da Zabarmanci da koyon amfani da ƙaramar waya. Binciken da Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts, da abokan aikinta suka yi ya nuna ɗaliban da aka koya wa waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi, domin sun samu abin da za su riƙa yi da karatun bayan an tashi daga aji.

Yadda ake yi, da inda ake zamewa

Aikin kansa ba ya buƙatar kayan tsada. Masu tsarawa sukan fara da zama a wurin sana'a na kwanaki, suna kallo ba su ce komai ba, domin abin da mutum ke faɗa a takardar tambayoyi daban, abin da hannunsa ke yi daban. Daga nan a zana shafukan manhajar a takarda, a ba mai kaya ya nuna inda zai danna idan yana son ya ga cinikin yau. Idan ya ɓace, laifin zanen ne, a yaga a sake. Takarda tana da wata fa'ida: mutum ba ya jin nauyin kushe ta. Idan aka miƙa masa waya mai sheƙi da aka gama ƙerawa, kunya da kara za su sa ya ce ta yi kyau, ko da bai fahimci komai ba. Wanda ya san Bahaushe ya san "babu laifi" ba kullum take nufin babu laifin ba.

A irin wannan zama ne ake gano abubuwan da ba su zo wa injiniya a rai ba. Waya ɗaya na iya zama ta maigida da uwargida da yaron shago. Layin mace na iya kasancewa da sunan mijinta ko ɗanta aka yi masa rajista, abin da ya zama matsala tun da aka fara haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa a watan Disamban 2020. Ciniki da yawa bashi ne da ake biya ranar Juma'a ko ƙarshen wata, kuma manhajar da ba ta san bashi da adashi ba ba ta san kasuwa ba. Wayar takan kwana a wurin mai caji, a hannun wani. Makaho da kurma su ma suna saye da sayarwa, kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019 ta shafe su a duk wata hidima ta jama'a.

Inda ake zamewa shi ne a mayar da abin biki. A kama ɗaki a otal, a gayyaci shugabannin ƙungiyar kasuwa, a raba riguna da lemo, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki, alhali an gama ƙera manhajar tun watan jiya. Shugaban 'yan kasuwa yana da muhimmanci, babu mai shiga kasuwa ya yi aiki ba da saninsa ba, amma sau da yawa yaronsa ne ke danna masa waya. Mai baro da mai tallan ruwa da matar da ke kasa barkono a ƙasa ba za su yi magana a gaban manya ba, sai an zauna da su daban, kuma mata sukan fi sakin jiki idan mace ce ke tambaya. Sannan sa'a biyu da aka ɗauke wa mai ƙaramin jari asarar ciniki ce, ya kamata a biya shi. Hotonsa da muryarsa da bayanan cinikinsa kuma amana ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shimfiɗa sharuɗɗan karɓa da sarrafa irin waɗannan bayanai, ciki har da neman yardar mai su, kuma yardar da aka nema da takardar Ingilishi mai shafi uku daga wanda ba ya karanta ta, sunanta kawai yarda.

Dole a faɗi gaskiya kuma cewa hanyar tana da iyaka. Tana cin lokaci, masu zuba jari kuwa suna gaggawa. Mutum ashirin a Utako ba su wakiltar makiyayi a Mambila ko masunci a Baga. Kuma babu yawan zama da 'yan kasuwa da zai gyara turken sabis da ya lalace ko ya kawo wutar lantarki. Abin da take iyawa shi ne ta sa a ƙera abin da zai jure wa waɗannan matsaloli, misali manhajar da ke gaya wa mutum sarai ko kuɗinsa ya tafi ko bai tafi ba idan sabis ya yanke a tsakiya, maimakon ta bar shi da da'ira tana juyawa, shi da mai kaya suna kallon juna.

Wanda ya fi kowa ikon sauya lamarin shi ne gwamnati, domin ita ce babbar mai ba da kwangilar manhajoji, daga rajistar manoma zuwa biyan haraji da tallafin marasa ƙarfi. Kamfani mai zaman kansa idan manhajarsa ta gagari jama'a za su koma wani. Manhajar hukuma ba ta da kishiya, wanda ta gagara ya rasa haƙƙinsa ke nan, ko kuma ya biya wani a shagon kwamfuta ya cike masa. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya, tana iya sanya sharaɗin a nuna shaidar gwaji da ainihin masu amfani, da harsunansu, da irin wayoyinsu, kafin a amince da aiki. Shirin horar da matasa miliyan uku kan fasaha da Ma'aikatar Sadarwa ta fara a 2023 shi ma yana iya sanya zaman kasuwa cikin darussansa. Daga Sakatariyar Gwamnatin Tarayya zuwa Kasuwar Utako tafiyar mintoci kaɗan ce a mota, kuma lokacin da ya fi dacewa a samu 'yan kasuwa su saurari baƙo shi ne bayan sallar Azahar, idan cunkoson masu cefane ya lafa.